Sawun Tayar Amalanke

Shekarar da hawan jini ya kwantar da ni sati uku, babbar 'yata ta sa wa kekena kwaɗo ta tafi gidanta da mukullin. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma taurin kaina ta ɗauko kaf, har da ƙari. Keken nan kuwa tun ina koyarwa a firamare nake yawo da shi duk hutu. Daura, Haɗeja, Azare, ba inda bai kai ni ba. Da na ga magiya ba ta ci ba, sai muka yi yarjejeniya: zan tashi daga Kano in je Ajingi ta hanyar Gaya in dawo. Idan na hau abin hawan wani, ko na taku goma ne, keke ya zama nata, in koma zaman tabarma a ƙofar gida. Ta san ba zan yi mata ƙarya ba, shi ya sa ta yarda.

Na ɗaure jaka a kariyar keken, famfo da kayan faci da magunguna da buta, na kama hanya. Ƙafafuna ba su ba ni kunya ba. Abin da ya kusa kayar da ni kirkin mutane ne. Duk wanda ya ga farin gemu a kan keke da kaya, sai ya ɗauka wata masifa ce ta koro ni. A Gaya wani direba ya rantse ba zai bar ni a titi ba, har ya kama sirdi zai jefa keken saman mota, da ƙyar na ɓamɓare hannunsa. Wata mai ƙosai ta cika mini leda, tana ta tsine wa 'ya'yan da suka bar ubansu haka. Na ci ƙosan, ban kare 'ya'yan ba. Dattijon da ya sauke ni a zaurensa kuwa sai da ya tambaye ni sau uku ko dai faɗa na yi da iyali.

Washegari aka yi yayyafi da asuba, na ji ƙarfi a jikina, wayo ya ɗebe ni na bar kwalta wai zan yanke ta wajen Balan in ɓulla Toranke. Ban yi nisa ba burtalin ya zama rairayi zalla. Taya ta nutse, feda ta ƙi juyawa. Na sauka na tura. Turawa ba ta karya sharaɗi, amma kafin azahar rana ta buɗe, ƙeyata ta fara sarawa irin saran da na sani. Na zauna gindin wata tsamiya na sha magani. A nan ne tsoro ya kama ni sosai, don na hango tabarmar nan ƙarara.

Sai ga amalanke shaƙe da taki, shanu biyu na ja, wani magidanci da bai wuce arba'in ba yana biye da sanda. Ya yi sallama, ya miƙo mini gorar ruwa tun kafin ya tambayi komai.

"Baba, kawo keken in ɗora. Kai ma ka hau, akwai wuri a gaba."

Na ce na gode, ba zan hau ba.

"Ai ba a saman takin za ka zauna ba, zan shimfiɗa maka buhu."

Raina ya ɓaci, gajiya kuma ta sa bakina ya yi kaifi. Na ce, "Malam, ba warin taki nake gudu ba. Na ce ba zan hau ba, ko dole ne?" Sai kuma kunya ta kama ni, na kwashe labarin kwaɗo da yarjejeniya na gaya masa.

Na jira dariya, ko wa'azin da na saba ji. Bai yi ko ɗaya ba. Ya dubi keken, ya dubi hanya, ya taka rairayin da ƙafa.

"To, in ba za ka hau ba, ka iya bin bayana?"

Ya nuna mini sawun da amalanken ya bari. Tayoyin mota ne a jikinsa, ga nauyin taki, ga danshin yayyafi, sai suka danne rairayin ya yi tauri, faɗin tafin hannu biyu. Ya jira har kaina ya lafa, sannan ya kora shanu. Na ɗora tayata a kan sawun na taka feda, keke ya tafi. Tafiyar shanu ce, tafiyar da ko amarya ta fi ta sauri, kuma duk abin da suka saki a hanya ni ne farkon sanin labari. Amma a kan sirdina nake, ƙafata ce take juyawa. Duk inda rairayi ya yi zurfi sai ya sauko da sandarsa ya rage musu sauri, ba ya ko waiwayowa, don kada in ji kamar ana lallaɓa ni.

Mun fi awa guda a haka kafin ƙasa ta yi ƙarfi, na hango rufin kwanon Toranke. Ya tsaya, ya fara juya shanun. Na ce ina kuma za shi? Ya ce gonarsa tana can baya, kusa da tsamiyar da ya same ni.

Na ce, "Ɗana, me ya sa ka wahalar da dabbobinka saboda rigimar tsoho?"

Ya gyara igiya a wuyan ɗaya daga cikin shanun, bai dube ni ba.

"Mu ma mun ƙwace wa babanmu fartanya, wai mu hutar da shi. Ya zauna a ƙofar gida kamar yadda muke so. Bai ga wata daminar ba." Ya ɗaga sanda. "Allah ya kai ka lafiya, Baba. Ka riƙa shan maganin."

Na isa Ajingi da la'asar, na koma Kano bayan kwana biyu. 'Yata ta auna jinina tun ban cire hula ba, sannan ta tsare ni da ido.

"Baba, tsakaninka da Allah, ba wanda ya ɗauke ka?"

Na ce ba wanda ya ɗauke ni. Sai na ba ta labarin mai amalanke, har da maganar fartanya, ban rage komai ba. Ta daɗe tana naɗe abin awon. Da za ta tafi ta ajiye mukullin a kan tabarma, ta ce in na tashi zuwa Haɗeja in gaya mata, za ta haɗa mini magungunan.