Giwan Ruwan Kan Tanki

Tun kafin in san zaman benci a aji, a bayan giwan ruwa na saba zama. Ba na cikin gulbi ba, wanda aka zana a kan tankin babur ɗin Baba.

Baba mutumin Argungu ne, ɗan gidan masunta. Da sanyin ruwa ya fara taɓa masa gwiwa sai ya ajiye gora da homa ya koma fataucin banda. Ya cika kwanduna ya ɗaure a bayan babur, ya kawo kasuwar Birnin Kebbi, ya koma kafin la'asar ta yi sanyi. Babur ɗin irin na da ne, ƙarfe zalla, mai nauyin tsiya, da doguwar kujera da tanki mai tudu. A wancan zamanin duk mai babur ɗin da ya san kansa sai ya kai an yi masa ado. Wani a zana masa furanni, wani tauraro da wata, wani kuma ya cika shi da rubutun habaici ga mahassada. Baba ya ce shi ba shi da abokin faɗa, kifi yake so. Wani abokinsa mai fenti a Argungu ya yi masa tanki shuɗi, ya kwantar da giwan ruwa mai ruwan azurfa tun daga murfin mai har gindin kujera, baki a buɗe, da 'yar gora ruwan ɗorawa a kowane gefe, sannan ya zagaye duka da jan layi siriri. Daga nesa mutane kan ce ga mai giwan ruwa nan tafe.

Ni ce 'yar fari, don haka tanki nawa ne. Baba ya ɗaga ni ya ɗora a tsakiyar bayan kifin, hannuwansa su zagayo ni su kama kan babur, ƙamshin banda da na fetur su cika mini hanci. Kullum kafin ya buga kik sai ya faɗi magana guda: "Ɗauke ƙahwa, inji na da zahi." Ko da na riga na ɗauke sai ya faɗa.

Shekaru suka tafi. Na yi karatu, na zama malamar firamare, aure ya kawo ni unguwar Badariya a Birnin Kebbi. Baba ya tsufa ya bar fatauci, ƙanena ya karɓi babur ɗin yana kabu-kabu da shi. Shi a ganinsa kifi a kan tanki ƙauyanci ne, fasinja ba sa tsayar da shi, sai ya sa aka feshe babur ɗin da baƙin fenti tun daga kai har wutsiya. Har yau in na tuna sai in ji kamar in ja masa kunne, duk da furfurar da ke gemunsa. Bai ma daɗe ba ya sayi sabo, ya jingine tsohon a zauren gidanmu, kaji suka mai da shi wurin kwana.

Bayan rasuwar Inna na matsa wa Baba ya dawo wurina, saboda idonsa ya fara ba shi wahala. Likita bai ɓoye mini komai ba. Ya ce ganin da ya tafi ba zai dawo ba, ɗan abin da ya rage ma tafiya yake yi, sai dai magani ya rage masa sauri. A lokacin Baba ba ya gane fuska, amma in ya zauna a rana yana rarrabe launi, ya ce mini yau zane kore kika ɗaura. Wata rana da hantsi muna zaune sai ya ce, kamar mai magana da kansa, "Da na sake ganin kihin nan ko sau guda." Bai ce in yi komai ba, Baba bai iya roƙo ba. Amma ni na ji, kuma na san ba ni da lokaci mai yawa.

Na sa aka ɗauko babur ɗin a mota. Bakanike ya taso da injin, ni kuma saboda gaggawa na kai shi wurin wani mai feshi a unguwar Nasarawa, matashi mai fara'a, wanda shagonsa ke cike da sitika kala-kala. Na ce tanki shuɗi, da kifi a kai. Ya ce an gama, Hajiya. Kuma ya gama ɗin, ba a yi mako ba. Shuɗin ya yi kyau, yana ɗaukar ido. Muka turo babur ɗin tsakar gida inda rana ta fi haske, na kamo hannun Baba. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa tanki, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago.

"Ɗiyata, wanga kihin gwangwani na," in ji shi. "Dubi wutsiya tai a rabe. Wa yat taɓa ganin giwan ruwa da wutsiya awa almakashi?"

Dariya ya yi ta yi har da tari. Ni kuwa haushi ya hana ni. Yaron bai yi ƙarya ba, kifi na ce, kifi ya zana, irin wanda ya sani a jikin gwangwani. Ban taɓa tunanin akwai ɗan Kabi da zai ji an ce kifi a kan babur ya zana wani abu ban da giwan ruwa ba.

Baba ne ya ce abokinsa mai fenti na nan da rai. Ranar Asabar na bi babur ɗin zuwa Argungu. Na sami mai fentin a wata rumfa bayan kasuwa, tsoho siriri, farcensa duk launi, yana rubuta allon wani shagon shinkafa. Tun ina ƙarama Kawu nake ce masa. Ya gane babur ɗin kafin ya gane ni. Ya zagaya shi, ya shafa kujera, ya dubi kifin gwangwani ya girgiza kai.

Na ce, "Kawu, da sauri nake so. Idon Baba tafiya yake yi."

Ya ajiye burushi. "Mi shika gani yanzu?"

"Launi kawai, shi ma sai a rana."

"Likita ya ce shina tsayawa nan?"

Na ce a'a. Ya daɗe yana kallon tankin, sannan ya ce in tafi zai aiko mini. Na sake cewa da sauri fa. Ya ce ya ji.

Da na dawo bayan mako biyu, ko burushi bai taɓa ba. Yana zaune da ruwa a kwano da samfefa mai laushi, yana cuɗa tankin a hankali. Ya cire shuɗin mai feshi, ya cire baƙin ƙanena, ga tsohon kifin ya fara leƙowa daga ƙasa, ya koɗe, amma shi ne. Kawu ya ce ba zai zana sabo daga ka ba, a kan sawun na da zai bi, don hannunsa na yanzu ba na wancan lokacin ba ne. Na ga kan kifin da bakinsa a buɗe, na gane shi sarai. Duk da haka abin da ya fito daga bakina shi ne, yaushe za a gama?

Sai damina ta sauka. Ban san fenti na da ra'ayi ba sai a shekarar nan. In an yi hadari ba ya bushewa, in iska ta yi laima sai ya yi gajimare a jikin ƙarfe. Kawu kuwa ba ya taɓa shi sai ranar da rana ta buɗe sosai. Na yi ta zarya a hanyar Argungu, shinkafa ta yi kore a fadama hagu da dama, ni ko kallonta ba na yi. Duk zuwan da zan yi sai in tarar da shi da gashin kaza guda a hannu, yana tsoma shi a wani fenti mai kauri, yana ɗiga ɓawon kifin ɗaya bayan ɗaya. Mako mai zuwa in dawo in same shi a kan ɓawon da na bar shi, yana sake ɗiga masa wani a kai. A idona aikin ba ya gaba.

Ni ba mai haƙuri ba ce, ɗalibaina shaida ne. Wata rana na kasa riƙe bakina. Na ce, "Kawu, mutum na makancewa a gida, kai kana nan kana wa kifi kwalliyar amarya!"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Malama, ki tahi ki gai da shi. Ki ce mai kihi nai na nan tahe."

Na fito ina huci. A mota na yi kuka, wata mata mai kwandon albasa a gefena ta yi ta ba ni haƙuri, ta zaci rasuwa aka yi mini.

Kafin ruwa ya ɗauke abin da nake tsoro ya faru. Na fito da Baba tsakar gida da hantsi, rana na dukansa sosai, sai ya tambaye ni ko yau hadari ne, ya ga gari ya ƙi wayewa. Na ce e, Baba, hadari ne. Ya ɗaga fuska ya ji zafin ranar, sannan ya ce Alhamdu lillahi. Daga ranar na daina zuwa Argungu. Na ce a raina Kawu ya riƙe babur ɗin ya jiƙa ya sha. Baba ma bai sake maganar kifi ba, kuma wannan shirun ya fi komai ci mini rai.

Ana cikin girbin shinkafa, wata Juma'a bayan an sauko masallaci, muka ji ƙarar babur a ƙofar gida. Ba irin ƙarar na yanzu ba, wata ce mai kauri, tana fita ɗaya-ɗaya. Baba na kishingiɗe a tabarma, sai ga shi zaune. "Nawa na," in ji shi. "Wallahi nawa na."

Ƙanena ne ya tuƙo shi tun daga Argungu, Kawu a bayansa ya rungume shi tamau don tsoro. Suka turo shi tsakar gida. Ban taɓa ganin abu mai kyau da ya ɓata mini rai haka ba. Shuɗi mai zurfi, gora biyu, jan layi, giwan ruwa na walƙiya a rana, ga wanda aka yi dominsa tsaye a gabansa ba ya gani. Na juya baya don kada Kawu ya ga fuskata.

Tsofaffin suka gaisa, suka tsokani juna a kan wanda ya fi wani tsufa. Sannan Kawu ya kama hannun Baba ya ɗora a kan tanki, wajen murfin mai.

"To, masunci, hwaɗa min ko wane kihi na."

Yatsun Baba suka tsaya cak. Sai suka fara tafiya. A nan na matso na duba da kyau, na ga abin da na yi ta kallo damina guda ban gane ba. Kifin ba a shafe yake ba, tudu ne da shi. Kowane ɓawo ya taso daga jikin ƙarfe, an ɗiga an bari ya bushe an sake ɗigawa har ya yi kaurin da yatsa zai ji. Leɓen kifin ya taso, ido ya taso kamar ƙwayar wake, ƙayoyin baya a jere. Tun ranar da ya tambaye ni abin da likita ya ce, Kawu ya san ido ba zai jira fenti ba, sai ya yi wa hannu aiki.

Baba ya bi baki, ya bi ido, ya bi ƙaya yana motsa leɓe. Ya gangara har gindin kujera, ya zagaye wutsiya da ɗan yatsa. "A kewaye, awa mahuci," in ji shi. "Wanga shi na giwan ruwa." Sai hannunsa ya dawo tsakiyar bayan kifin ya tsaya. Wurin sumul yake, babu ɓawo ko ɗaya, faɗin tafin hannu biyu. Ni na zaci mantuwa ce. Baba kuwa ya fashe da dariya.

"Ka bar mata wurinta!"

"Kowace sallah sai ka kawo min in sake wurin ga, ta goge shi da zama," in ji Kawu. "Na gaji. Na bar mata abinta tun yanzu."

Na durƙusa gaban Kawu, na rasa abin faɗa sai Allah ya saka da alheri, ina ta maimaitawa. Ya ce in tashi, ai kwalliyar amarya ce kawai. Har gobe ina gode wa tsohon nan, kuma ina gode wa Allah da ya sa bai biye wa gaggawata ba.

Baba ya lalubi kujera, ƙanena ya riƙe babur ɗin, ya taimaka masa ya hau. Ya kama kan babur da hannu ɗaya, ya buga tanki da ɗayan. "Hau," ya ce da ni.

"Baba, ni da 'ya'ya sun girma?"

"Hau na ce."

Na tattare zane na ɗosana a gicciye a kan wurin nan mai sumul, ƙanena na ƙunshe dariya. Injin a kashe yake, har ya huce. Hannuwan Baba suka zagayo ni, sun rame, amma nan take suka sami inda suka saba kamawa. Na ji numfashinsa a bayan kunnena.

"Ɗauke ƙahwa," in ji shi. "Inji na da zahi."

Na ɗauke.