Malamin Wasanni a Zauren Baba

Malamin wasanninmu mutumin Toranke ne, dogo, siriri, mai wani furfura a gefen kai tun yana da sauran ƙuruciya. Ya fara koyarwa a firamare a Gaya tun farkon samun 'yancin kai, daga baya aka maido shi sakandaren kwana inda na same shi. A aji labarin ƙasa yake koyarwa, da la'asar kuma ya rataya usur ya fito fili. Shi ya sa ɗalibai suka cire tsidau daga filin nan da hannu, kuma shi yake zana layukan tsere da tokar da yake kwasowa daga madafar makaranta.

Ni daga Kademi na zo, daga gidan karatu. Baba yana da makarantar allo a zaure, kuma da ƙyar ya yarda na shiga boko. Sharaɗinsa da zan tafi shi ne in yi karatu kawai, ban da ƙwallo, ban da tsalle-tsalle da gajeren wando.

A zangon farko aka sa sababbin ɗalibai gudu, na bi sahu don kunyar in ƙi, na kuwa riga kowa. Malamin ya kira ni gefe ya ce yana so in shiga cikin 'yan tseren makaranta. Na faɗa masa abin da Baba ya ce, na ƙara da cewa ai Kademi da nisa, ba wanda zai kai labari.

"Ni zan kai labarin," in ji shi. "In an yi hutu ka raka ni."

Da hutu ya zo a kan kekensa. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Baba, ya yi bayaninsa a natse. Baba ya saurara har ƙarshe, ya sa aka kawo fura, sannan ya ce bai yarda ba. Na zaci malamin zai kawo hujjoji, don na san shi da iya magana. Sai kawai ya ce ya ji, ɗa na ubansa ne.

Har ya miƙe zai tafi sai ya koma ya zauna. Ya ce akwai abin da ya daɗe yana damunsa: in ya ɗauki yara a mota zuwa wasa a Kano, azahar da la'asar kan riske su a hanya ko a fili, bai san yadda ya kamata ya sa su yi sallar ba. Baba ya gyara zama a kan buzu, ya jawo wani littafin fikihu. Suna nan har inuwar zaure ta juya.

Shekara guda na yi ina zaune a gindin darbejiya ina kallon wasu suna gudu. Haushin malamin na fi ji a kan na Baba. Wani malami ma ya yi masa magana cewa makaranta na asarar yaro mai ƙafa, shi kuwa ya ce gara a yi asarar kofi da a koya wa yaro ɓoye wa ubansa abu. Bai taɓa lallashina ba. In mun haɗu a aji sai ya tambaye ni kogunan ƙasa kamar kowa.

Shi kuwa ya ci gaba da zuwa Kademi duk ranar da ya samu sarari, da tambayoyinsa, har Baba ya ɗora masa littafin daga farko. Ƙannena sun ce ba su taɓa jin ya sake tayar da maganata ba. Wata rana da damina, muna noman gero, Baba ya tsaya ya jingina da fartanya, ya ce ba tare da ya dube ni ba:

"Ka gaya wa malaminku ka yi gudun. Amma wandon ya rufe gwiwa."

Haka na yi tsere da dogon wando, ana yi mini dariya a filayen Kano. Gaskiyar magana, ban zama abin da aka yi zato ba. A makarantarmu ina kan gaba, a waje kuwa akwai waɗanda suka fi ni nesa ba kusa ba. Ban ga ɓacin rai a fuskarsa ba ko sau ɗaya. In na sha kaye sai ya miƙo mini ruwa, ya nuna mini inda na yi gaggawar sakin ƙarfina.

Na daɗe ina ɗauka cewa karatun da yake ɗauka a wurin Baba dabara ce don a bar ni. Sai na gama makaranta na tafi horon malanta, shi bai fasa zuwa ba. Shekarun fari ma, da abinci ya yi wuya, yana zuwa da ɗan ƙunshin tsaba a bayan keke ya miƙa cikin gida ba tare da Baba ya sani ba. Da Baba ya rasu, yana cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi.

Ya ajiye aiki a ƙarshen shekarun saba'in, ya koma Toranke yana noman gyaɗa. Nakan kai masa ziyara, ya yi ta tambayata ɗalibaina ɗaya bayan ɗaya, wane ne ubansa, me ake nomawa a garinsu. In na kasa amsawa sai in ji kunya.

Ranar jana'izarsa mutane suka cika ƙofar gidan, direbobi, tsofaffin sojoji, malamai, manoman Gafasa da Ajingi. Bayan an dawo daga maƙabarta muka zauna a kan tabarmi, aka fara hira a hankali. Wani ya ce malamin ya taɓa binsa har tasha lokacin da ya gudu daga makaranta. Wani ya ce shi ya koya masa gyaran keke bayan an kore shi daga makaranta. A nan na gane kowannenmu ya zo ne da tunanin shi ne na kusa da shi, kuma ban ji wanda ya yi ƙarya a cikinmu ba. Da yamma babban ɗansa ya fito ya ce akwai gyaɗar da ba a gama cira ba a gona. Waɗanda ba su da nisa suka ce za su dawo da safe, ni ma na kwana a garin.