Auta, Har Yau Ba Su Goge Ba

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, tara ga wannan wata, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran ƙanena, autan gidanmu, wanda 'yan layin masu gyaran waya suka fi sani da Injiniya. Likita ya ce ciwon zuciya ne. Ban yi masa gardama ba, aikinsa ne. Amma ni yayarka ce, Auta, ni na goya ka, na san ranar da zuciyar nan ta fara ciwo, na kuma san waɗanda suka taɓa ta.

Rumfarka ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Teburi ne, da fitila, da ƙarfen narka dalma, da durowa cike da wayoyin mutane. Tsofaffin unguwa kan kawo maka waya suna salati wai ta mutu, alhali sauti kawai suka kashe ba su sani ba. Sai ka juya ta, ka hura mata iska, ka danna, ka ce, "Mama, gajiya ce ta yi, na ba ta magani." Su tafi suna sa maka albarka. Ba ka taɓa yarda a gaya maka lambar sirrin kowa ba. Miƙa wa mai waya kake yi ya buɗe da hannunsa, ka kau da kai, ka ce abin da ke ciki ba naka ba ne. Ni kuwa tawa wayar ta shekara da fasasshen gilashi, kullum sai ka ce, "Yaya, gobe." Na zage ka a kan haka ya fi a ƙirga, kana ta dariya.

Wata rana wani ya kawo maka gyaran waya, ashe ta sata ce. 'Yan sanda suka bi sawunta har rumfarka, suka juye durowar nan gaba ɗaya a buhu, suka tafi da kai. Kafin ma mu san inda aka kai ka, sun cire maka riga, sun tsugunar da kai a gaban teburi, sun jera wayoyin mutane reras a kai, sun ɗauki hoto sun sa a shafinsu na intanet. A ƙasa suka rubuta cewa ƙasurgumin ɓarawon waya ya shiga hannu. Wata maƙwabciya ce ta shigo gida da gudu, ko sallama babu, ta dangwara wa mahaifiyarmu waya a fuska tana cewa, "Inna, duba min, wannan ba Autanki ba ne?" Wallahi ba jaje ya kawo ta ba, so take ta ga yadda fuskar Inna za ta yi.

Na karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton, duka, ban tsallake ko ɗaya ba. Wani ya ce dama tun da ya ga idonka ya san ba ka da gaskiya. Wani ya ce a yanke hannun kawai a huta. Wannan na biyun, Auta, a gidanmu ya ci ya sha shekara da shekaru, kai ka koya masa riƙe sukundireba. Sunansa da hotonsa suna nan a jikin maganar, ko kunyar ɓoyewa bai ji ba.

Masu wayoyi suka yi ta zuwa ofishin 'yan sandan, kowa ya faɗi tasa ya karɓa. Aka sake ka, aka ce ka yi haƙuri, aiki ne. Abu ɗaya ka roƙa: a goge hoton, ko a rubuta a wurin cewa ba ka da laifi. Jami'in da ke kula da shafin ya ce sai shugabansu ya dawo daga tafiya. Da ya dawo aka ce yana taro. Ka yi ta sintiri har masu gadin ƙofa suka fara yi maka kirari da "mai hoto ya iso".

Ba na cewa 'yan sanda su daina magana da jama'a a shafin nan. Da shi aka gano yarinyar mai shagon kusa da mu lokacin da ta ɓata, har ni na taya yaɗawa. Amma bakin da ya iya cewa an kama ɓarawo kafin a yi bincike, me ya toshe shi da aka gano ƙarya ce?

Wa zai ba ɓarawon waya wayarsa? Kullum kana buɗe rumfa, ka share teburi, ka jera kayan aiki, ka zauna har magariba. 'Yarka ta daina son makaranta saboda sunan da yara suka laƙaba mata. Ka gaya min wata Juma'a ka shiga sahu, mutumin da ke damanka ya dube ka, ya ciro wayarsa daga aljihun da ke wajenka ya mayar ɗaya aljihun, sannan ya yi kabbara. Da dariya ka ba ni labarin, amma tun daga ranar ka koma sallah a sahun ƙarshe, kusa da takalma.

Washegarin jana'izarka na je ofishin da kaina. Na tarar da jami'in yana danna waya. Na ce masa na zo a goge hoton ƙanena.

"Baiwar Allah, sai mai hoton ya zo da kansa."

"Jiya muka binne shi."

Ya ɗago kai, ya ce Allah Ya jiƙansa, amma ƙa'ida ce, ba shi ya kafa ta ba. Ya ci gaba da danna wayarsa.

Allah Ya jiƙanka, Auta, Ya haskaka kabarinka, Ya suturta ka da suturar da aka hana ka a nan. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da matarka, da 'yarka, da 'yan layinku da suka rufe rumfunansu suka ɗauki makararka. Allah Ya ba mu haƙuri.

Masu zuwa gaisuwa suna ta ce min in yafe. Ban yafe ba, kuma ba zan yi ƙarya a kan kabarinka ba. Ku kuma masu shafi, kun ce sai ya zo da kansa. To, ya riga ku isa inda ake sauraron ƙara, yana can yana jira. Can ma ƙa'idar ke nan, kowa da kansa zai je.