Kofin Yaya Ladi

Ranar kasuwar Bawku ce, a daminar da na cika shekara tara, Inna ta dawo da kofi sabo fil, fari mai jan fure, ta wuce ni ina tsaye da tulu a ka ta miƙa wa yayata Ladi. Tarin fuka ne ya kama Ladi, aka ce a ware mata abin shan ruwa. Ni ban ga cuta ba, kofi na gani.

Daga ranar Ladi ta zama sarauniya. Ni ce zuwa rijiya, ni ce tsintar kaɗanya, ni ce korar awaki daga lambun albasa, ita kuwa tana kan tabarma ana dafa mata ƙwan zabi biyu kullum. In mun fita gaɗa ma, ƙawayena ita suke tambaya. Na gwada tarin ƙarya har maƙogwarona ya yi zafi, Inna ta ce, "Hajara, wannan tarin naki daga baki ya fito, ɗauki taɓarya." Sai na koma satar kurɓa a kofin, ko Allah zai sa in kamu. Ɗaki ɗaya muke kwana, an toshe taga da tsumma kada iska ta taɓa mai jinya. Ban kamu ba. Ladi ta sha allurai ta warke, ta yi aure a Salaga, ni kuwa na girma ina cewa jininmu ya fi ƙarfin tari.

Da wannan bugun ƙirjin na raini ɗana Salisu, mai kai shanu Yendi. Shekarun baya ya dawo a rame yana tari, kafin wata biyu matarsa ma ta ɗauka. A asibiti aka ce yana da cutar nan mai karya garkuwar jiki. Na ɗaure fuska na ce wa nas, ni da na sha a kofin mai tarin fuka ban yi ko atishawa ba, yaya ɗan cikina zai faɗi?

Ta ce, "Hajiya, ba a kofi yake ba, a iskar ɗaki yake. Wataƙila kin shaƙa tun kina yarinya, jikinki ya danne shi ya yi barci. Wannan cutar ta ɗanki kuwa masu gadin jiki take kashewa. Sai tarin ya tashi da wuri, ya bi na kusa."

Kun ji fa. Duk satar kurɓar nan a banza, abin yana ta ƙasan hancina.

Na dawo gida na cire labulen tagarsu da hannuna, na tsaya a kansu da magani kowace safiya har tarin ya mutu. Maganin ɗaya cutar kuwa har gobe Salisu yana sha, ya ma koma bin shanunsa.

Da, cuta ɗaya muka sani, muka kuma yi mata gadi ta ƙofar da ba nan take shiga ba. Yanzu yara sun san sunan komai, amma babu mai tsaga ƙwai ya ba su a baki kamar Inna. Da Ladi ta zo dubiya daga Salaga, tana dogara sanda, ƙwan zabi ta kawo cikin ƙwarya. Ta wuce ni a bakin ƙofa ta miƙa wa Salisu.

Na bi ƙwaryar da ido, kamar yadda na bi kofin.