Ba Gajiya a Kwarin Ƙanƙara

A shekarun da man fetur ya buɗe wa gwamnati hannu aka turo ni Landan ƙarin karatun likita. Ɗaki na kama a Camberwell, daga asibiti sai gado, daga gado sai asibiti. Kullum a gajiye nake, har na daina lura.

Babban likitan da nake ƙarƙashinsa, wani dattijon Bature mai furfura, ya ce da hutun hunturu zai kai ni Scotland in koyi tafiya a kan dusar ƙanƙara. Abokin zamana, ɗan Kano, ya dube ni ya ce, "Kai da ko a jirgin ƙarƙashin ƙasa sai ka riƙe ƙarfe? Ka ce masa an yi cancel kawai." Ban iya ba. Babba ba ya gayyatarka ka ce a'a.

Da muka isa, aka ɗaura mini dogayen katakai biyu a ƙafa, aka miƙo mini sanduna, muka shiga wani kwari tsakanin duwatsu. Shi yana sulalewa a gaba, ni ina jan ƙafa a baya, in faɗi in tashi. Tun kafin azahar na daina jin yatsun ƙafata ta hagu. Na san ma'anar wannan, sanyi ya fara kashe su, na sha gani a asibiti.

Duk inda hanya ta yi kwana sai ya tsaya ya waiwayo. "Ka gaji? Mu juya?"

A gidanmu ba a ce wa babba an gaji, balle mai furfura yana tsaye da ƙafarsa. Sai in ce a'a, har da murmushi. Ya gyaɗa kai, mu ci gaba. Na ji haushin tsohon nan ƙwarai, mutum ko tausayin baƙonsa ba ya ji.

Rana ta karkata sosai lokacin da ya zube zaune a kan ƙanƙara yana haki. Da ƙyar ya ce, "Yaro, don Allah ka gaji mana. Tun safe nake jira. Ban so in katse maka jin daɗinka ba ne."

Na waiwaya na kalli sawunmu, layi biyu har inda ido ya ƙare. Duk sai mun sake taka shi kafin mu samu wutar jin ɗumi.

Shi da kansa ya cire mini ƙaramin yatsan bayan mun dawo Landan. Da na farfaɗo, abokin zamana ya leƙo ɗakin da aka kwantar da ni ya ce, "Sannu, likita. Ina gajiya?"

Na ce, "Ba gajiya."