Layin da Datti Ya Cire

Datti ɗan unguwar Gangare ne a Jos, ɗan mai gyaran rediyo. A shagon mahaifinsa ya fara sanin waya da batir, daga nan ya yi karatun kwamfuta, ya samu aiki a wani ƙaramin kamfani da ke Kwararafa. Su shida ne kacal, suna ajiye wa ƙananan asibitoci da ɗakunan gwajin jini bayanan marasa lafiya.

Abin da kamfanin ke taƙama da shi shi ne sirri. Cikin babbar kwamfutarsu akwai wata kwamfutar da manhaja ta ƙirƙira, kuma duk abin da ke cikinta a kulle yake da lambobin sirri, ko mai kamfanin ba ya iya karantawa. Sai dai na'urar da ke aika saƙo waje ba ta gane kullallen abu. Dole a ware mata ɗan wuri a buɗe cikin ma'ajiya, a ajiye saƙo a nan ta ɗauka. Wurin nan suke kira bafa, kuma Datti ne mai kula da shi. Ƙa'ida ɗaya ce: a share shi tas kafin a sa wani saƙon.

Da asibitoci suka yi yawa, aiki ya fara nauyi. Wata Alhamis da rana mai kamfanin, Oga Dantong, ya tsaya a kansa.

"Datti, kullum kira nake sha. Sakamako ba ya fita da wuri. Ka yi wani abu mana."

Datti ya duba, ya ga sharewar nan na cin lokaci. Layi ɗaya ne a cikin manhajar. Ya cire shi, ya ce wa kansa zuwa Litinin zai samo wata dabara ya mayar. Madam Adebisi, wadda ke duba aikin kowa kafin a sake shi, ta tambaye shi da Hausarta ta 'yan Jos, "Ka taɓa bafa?"

"Ɗan gyara ne kawai, Madam."

Ta sa hannu. Aiki ya yi sauri, Oga ya yaba masa a gaban kowa, Litinin ta zo ta wuce.

Bayan mako uku, wani ɗakin gwaji a Nasarawa Gwom ya buga wa wani tela sakamakonsa. A ƙasan takardar sai ga ragowar saƙon da ya riga nasa: cikakken sunan wata mata, da cewa tana da ciwon hanta. Telan ya san ta. Mama Rahma mai masa ce, duk unguwar an san ta, kuma Datti kansa shekara huɗu yana karyawa a rumfarta tun da ya koma unguwar da zama.

Kafin Juma'a magana ta zaga. Likita ya ce ciwon nata ba a ɗaukarsa ta abinci, amma wa ya tsaya jin likita? Benci biyun rumfarta da ke cika tun bakwai na safe suka koma wayam.

A ofis Datti ya mayar da layin a ɓoye. Oga ya dakatar da Madam Adebisi, tunda ita ta sa hannu. Ta kwashe kayanta, ta kalli Datti sau ɗaya, ta fita. Kwana tara Datti ya yi yana zagayawa ta bayan masallaci don kada ya bi ta gaban rumfar. Matarsa Madina ta zuba masa abinci ya tashi ya bar shi, har ta fara zaton ko shi ne ba lafiya.

Rana ta goma ya shiga wurin Oga ya faɗi komai. Aka dawo da Madam Adebisi, shi kuma aka ɗauke shi daga kan manhajar, aka mayar da shi amsa wayar masu ƙorafi. Bai yi musu ba.

Zuwa wurin Mama Rahma ya fi wuya. Ya same ta tana kankare tanda, ƙullun da bai ƙare ba na gefe. Ya durƙusa ya fara bayanin bafa, ta katse shi.

"Ɗana, ban gane wannan ba. Kai ka ba telan sunana?"

"A'a, Mama. Aikina ne in goge, ban goge ba."

"Mantawa ka yi?"

Ya ce, "Ina sane."

Ta ci gaba da kankara. Can ta ce, "To, na ji. Tashi, ƙasa da datti, za ka ɓata wandonka."

Wata biyu bayan haka ta rufe rumfar, ta koma wurin 'yarta a Bukuru. An ce tana shan magani, tana samun sauƙi, har ta fara suya a ƙofar gida. Datti ya karɓi lambar 'yar tata, ya kira sau biyu. Na farko aka ce Mama na salla. Na biyu aka ce za a faɗa mata ya gaishe ta.