Yadda Aka Auna Rumfar Kawu

A lungunmu na Nima, Kawu ne mutum na farko da na sani ya nemi takardar izini kafin ya aza bulo. Sauran jama'a gini suke yi kawai. In ma'aikatan tsara gari sun zo sun shafa jan fenti a bango cewa a dakata, sai a jira damina ta wanke, a ci gaba. Kawu kuwa, ƙanin mahaifiyata, mutum ne mai son takarda. Ko rediyo ya saya sai ya adana rasit a cikin leda.

Wata shekara ya sayi aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku da bodi a baya, yana ɗauko wa 'yan kasuwa kaya daga kasuwar Makola. Da aka sace masa batir, sai ya ce zai gina mata rumfa mai ƙofa a ɗan filin da ke bakin gidanmu, daidai inda lungu yake karya kwana kafin ya miƙe zuwa titi. Filin na gida ne, gidan kuwa na kakanmu ne da ya zo fataucin goro ya zauna, ya bar magada a warwatse daga Maamobi har Kumasi.

Ya sha zirga-zirga. Safiyo, mai awon fili, ya zo ya ja tef, aka yi zane, aka ce zanen bai yi ba, aka sake. Masu shayin bakin titi suka sa masa suna Injiniya, duk wucewar da zai yi sai sun tambaye shi ko hawa nawa za a yi wa benen. A ƙarshe ofishin tsara gari suka ce ya kawo yardar manyan magada. Kowa ya sa hannu, saura Inna, babbar yayarsu, wadda ɗakinta yake can ƙuryar gida. Ita ba ta rubutu, dangwala yatsa take yi, kuma ta naɗe yatsan a cikin mayafi.

"Yaya, safiyo ya auna komai," in ji Kawu. "Gomnati ya yarda, ke ne kawai ya rage."

"Da me ya auna?"

"Da tef mana."

"Ni ba da tef za a fitar da ni ba. A kawo makara."

Ba sabon abu ta ƙirƙiro ba. A da, duk wanda zai taɓa bango a lungu, sai a aro makara daga masallaci, maza su ɗauka a kafaɗa su bi ta wurin. In ta wuce, a yi gini. In ba ta wuce ba, a ja baya. An daina ne da gidaje suka cika da 'yan haya, kowa yana neman inda zai ƙara ɗaki. Inna ta ga abin da hakan ya jawo. Wata aminiyarta ta rasu a unguwar Kotobabi, makara ta ƙi shiga lungunsu, aka fito da matar a naɗe cikin tabarma, ana miƙa ta hannu da hannu kamar damin rake. Inna ba ta tsoron mutuwa, kullum tana maganarta kamar maganar tafiya Kumasi. Wannan fitar ce take tsoro, kuma ta sha faɗa a gabanmu.

Kawu ya yi fushi, ya yi kwanaki ba ya cin tuwonta. Ni a lokacin ina bayansa. Na ga kamar tsohuwa ta sami abin riƙe mutum ne kawai, na kuma gaji da jin zancen rumfa safe da yamma.

Wata Asabar bayan la'asar ya sauko. Aka kafa turaku inda bango zai tsaya, aka ɗaura igiya, muka ɗauko makara daga masallaci, ina riƙe da baya ta hagu. Mata suka leƙo, wasu suna salati don sun zaci rasuwa aka yi. Muka fito daga ƙofar gida, muka karya kwana, muka wuce ba mu taɓa igiya ba.

"Ya wuce, Yaya. Kin gani da idonki."

Inna tana zaune a kan kujerar tsuguno. Ta ce, "Kun karkata ta."

Gaskiya ne, mun ɗan kishingiɗa ta a kwanar, ba mu ma lura ba, don ba nauyi a ciki. Ta sa aka ɗauko buhunan masarar da take yin koko da ita, aka shimfiɗa a ciki, aka rufa da zane. Muka sake ɗauka. A kwanar, masu riƙe da gaba suka ɗaga, mu muka sauke kafaɗa, makara ta karkata, sai buhu ɗaya ya zame ya bugi ƙarfen gefe. Ƙarar ba ta da yawa, amma har masu shayin da suka biyo mu kallo ba wanda ya yi dariya.

Kawu ya tsaya yana duban buhun. Daga nan ya sunkuya ya tuge turken kwana da hannunsa, ya matsar da shi ciki kamar kamu ɗaya. Muka sake gwadawa, ta wuce a miƙe. Inna ta fito da yatsanta.

Takarda ta fito bayan watanni, da faɗin farko a jikinta, don Kawu ya ce ba zai koma layin zane ba. Ya gina rumfar a tsuke. Da mai dubawa ya zo ya auna, ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa ganin wanda aka ba fili ya rage ba, ya sa hannu ya tafi. Aboboya tana shiga, amma sai an naɗe madubanta, kuma ba wurin sauka ta gefe. Shekaru Kawu yana fitowa ta kan bodi, yana dirowa yana ƙunƙuni. Takardar kuwa ya sa ta a gilashi ya rataye a ciki.

Shi ya riga Inna rasuwa. Hawan jini ne, kwana kaɗan a asibiti, aka dawo da shi gida aka yi masa wanka a tsakar gida. Na sami kaina a baya ta hagu kamar wancan karon, sai dai nauyin ba irin na masara ba ne. Na ji tsoron kwanar nan ƙwarai. Muka zo, kafaɗata ta gogi bangon rumfarsa, muka wuce.

Da muka dawo daga maƙabarta na tarar da Inna a bakin ƙofa, inda mata suke tsayawa. Aka ce tun fitarmu ba ta koma ciki ba. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Idonta yana kan kwanar.

"Na duba," ta ce. "Ba ku karkata shi ba."